Tambayoyi da Amsoshi a Kan "Put Off": Ma'anarsa da Yadda Ake Amfani da Shi a Turanci

Kalmomi biyu ne kacal, amma *put off* na cikin maganganun Turanci da suka fi rikita masu koyo a wajenmu. Yana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, yana fitowa a kanun jaridu duk lokacin da aka ɗage zaɓe ko wasan ƙwallo, sannan mutane da dama suna saka shi a inda mai harshen ba zai saka ba. Ga tambayoyin da ɗalibai da ma'aikata suka fi yi a kansa.

Mene ne ma'anar *put off* a taƙaice?

Ma'anar da aka fi cin karo da ita ita ce ɗage abu zuwa wani lokaci. Idan aka ce *They put off the wedding until after Sallah*, ana nufin an ɗage bikin sai bayan Sallah. Bikin yana nan daram, rana kawai aka sauya.

Amma da zarar abin da ya biyo bayan *put* ya zama mutum, to magana ta canza. *The smell put me off* na nufin warin ya sa abin ya fita daga raina. *The noise is putting me off* na nufin hayaniyar tana ɗauke mini hankali. *He keeps putting me off* kuma na nufin kullum sai ya kawo mini wani uzuri ya sallame ni. Saboda haka abin da za ka fara tambayar kanka duk inda ka ga *put off* shi ne: abu aka yi wa, ko mutum? Wannan tambaya kaɗai tana warware mafi yawan ruɗanin.

Na san *put*, na san *off*. Me ya sa in an haɗa su sai ma'anar ta ɓace mini?

Domin irin wannan haɗi ba a fassara shi kalma-kalma. Turawa suna kiran sa *phrasal verb*, wato aikatau da ke tafe da wata 'yar kalma kamar *off* ko *up* ko *out* ko *in*, su biyun su haifar da sabuwar ma'ana. Abin ya daɗe a harshen. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ambaci irin waɗannan haɗe-haɗe a matsayin abin da ke ba baƙon harshen wahala ƙwarai. Sunan *phrasal verb* kuwa ya bazu ne bayan da marubuci Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi a 1925.

Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, domin harshenmu cike yake da irinsa. Duba kalmar "ci". Mun ci tuwo, mun ci jarrabawa, an ci amana, an ci mutunci, an ci bashi, an ci kasuwa, an ci gaba. Wanda ya koyi cewa "ci" shi ne saka abinci a baki, ranar da ya ji an ce wane ya ci sarauta sai ya tsaya yana kallo. Haka "sha": sha ruwa, sha wahala, sha kaye, sha alwashi, sha iska. Mu ba mu haddace waɗannan a jere ba, a cikin magana muka tsince su, kowanne da muhallinsa. Hanyar da ta fi dacewa a koyi na Turanci ke nan.

Duk da haka akwai wani zare da ya ɗaure ma'anonin *put off*. Kalmar *off* tana ɗauke da ma'anar nesantawa. Ka nesanta taro daga yau, ka ɗage shi. Ka nesanta mutum daga abin da yake so, ya fita daga ransa. Ka nesanta hankalinsa daga aikinsa, ka ɗauke masa hankali. Ka nesanta mai bin ka bashi daga ƙofarka, ka sallame shi da uzuri.

Mene ne bambancin *put off* da *call off*?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi, domin kuskure a nan yana iya jawo asara ta gaske. *Put off* ɗagewa ne, *call off* fasawa ne ko sokewa. Wanda aka ce masa *the interview has been put off* ya jira sabuwar rana. Wanda aka ce masa *the interview has been called off* ya nemi wani aikin.

Tarihin zaɓe a Najeriya ya ishe mu misali. A 2015, hukumar zaɓe ta INEC ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, saboda matsalar tsaro a arewa maso gabas. A Turance: *The election was put off for six weeks.* A 2019, lokacin Farfesa Mahmood Yakubu, an sanar da ɗage zaɓen cikin dare, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna ranar 16 ga Fabrairu, aka mayar da shi 23 ga watan. Mutane da yawa sun riga sun yi tafiya zuwa garuruwansu don kaɗa ƙuri'a. Wannan ma *put off* ne, na mako guda. A 2023 kuma zaɓen gwamnoni ne aka ɗaga daga 11 ga Maris zuwa 18. A duka ukun an yi zaɓen daga baya, shi ya sa *call off* ba zai shiga ba.

Zaɓen 12 ga Yuni 1993 daban yake. An riga an kaɗa ƙuri'a kafin gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta soke shi. Abin da ya riga ya auku ba a yi masa *put off*, ba a kuma yi masa *call off*. Kalmar da ake amfani da ita a nan ita ce *annul*, wato rushe abu a mayar da shi kamar ba a yi ba. A Hausa "soke" ya wadatar a wurare biyun, Turanci kuwa ya raba su.

Shekarar 2020 ta ba da misalan biyu a fagen wasanni. Saboda annobar korona an ɗage gasar Olamfik ta Tokyo, aka buɗe ta a watan Yulin 2021: *The Games were put off for a year.* Gasar tanis ta Wimbledon kuwa a shekarar ba a yi ta ba sam: *Wimbledon was called off.*

To yajin aiki fa? Jaridu wani lokaci su ce *call off*, wani lokaci *suspend*.

Ba daidai suke ba, kuma 'yan jaridarmu na Hausa sun bambanta su da kyau. *Call off a strike* shi ne janye yajin aiki. *Suspend a strike* shi ne jingine shi, ana iya komawa idan ba a cika alkawari ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya kai 14 ga Oktoba, sanarwar ƙarshensa da *suspend* aka yi ta. *Put off a strike* kuwa yana aiki ne kafin a fara: ƙungiya ta sa ranar tsunduma yajin aiki, sai ta ɗaga ranar don a ci gaba da tattaunawa.

Shin *put off* da *postpone* ɗaya ne?

A ma'anar ɗagewa, e. Bambancinsu na muhalli ne. *Postpone* ta fito daga Latin, inda *post* ke nufin bayan, *ponere* kuma ajiyewa, don haka tunanin da ke ƙarƙashinsu kusan guda ne. Sai dai *postpone* ta fi zama a takardar ofis da sanarwar hukuma, *put off* kuma ta fi yawa a hira da saƙon waya da kanun labarai. Turanci yana da irin waɗannan tagwaye masu yawa, ɗaya ta gida ɗaya ta aro daga Latin ko Faransanci: *give up* da *surrender*, *put up with* da *tolerate*, *find out* da *discover*.

Akwai wani ɗan bambanci da ya kamata a lura da shi. *Put off* sau da yawa tana ɗauke da ƙamshin rashin son yin abin. *I keep putting off going to the dentist* na nuna mutumin yana gudun zuwa wurin likitan haƙori ne, ba wai wani uzuri ya hana shi ba. *Postpone* ba ta da wannan nauyin.

Sauran 'yan'uwansu kowacce da wurinta. *Adjourn* ta zaman da aka riga aka fara ce, kamar kotu ko majalisa. Ita ce ke bayan jimlar da muke ji kullum a rediyo cewa alƙali ya ɗage sauraron ƙarar. *Defer* an fi jin ta a makaranta da banki, kamar ɗalibin da ya samu gurbi ya nemi a jinkirta masa shiga zuwa baɗi. *Delay* kuwa jinkiri ne wanda galibi ba da son kowa ba, irin na jirgin da bai tashi a kan lokaci ba.

A ina ake saka *it*? *Put off it* ko *put it off*?

*Put it off*, ko da yaushe idan ɗagewa kake nufi. Wakilin suna, irin su *it* da *them* da *me* da *him* da *her* da *us*, dole ya shiga tsakiya. Idan suna ne cikakke kana da zaɓi: *put off the meeting* da *put the meeting off* duka daidai ne. Idan sunan ya yi tsawo, gara a bar *off* manne da *put* don kada mai sauraro ya manta da ita kafin a iso: *They put off the meeting we had planned with the village head.*

Akwai inda za ka ga *it* bayan *off* kuma ba kuskure ba ne, wato lokacin da mutum ya riga ya cike tsakiyar. *I used to like fish, but that meal put me off it.* A nan *me* ne aka nesanta, *it* kuma shi ne kifin da aka nesanta shi daga gare shi.

Bayan *put off*, *to go* ake cewa ko *going*?

*Going*. Aikatau da ya biyo bayan *put off* yana ɗaukar *-ing*. *She put off travelling* daidai ne, *she put off to travel* kuskure ne. Haka dokar take ga *postpone* da *delay*. Masu shirya jarrabawa suna son wannan tarkon, domin kunnen ɗalibi ya saba da *want to go* da *decide to go*, sai ya ɗauka kowane aikatau haka yake.

Yaya ake nuna abin da ya wuce? Akwai *putted*?

Babu, a wannan ma'anar. *Put* ba ya sauya kama: *I put it off every day*, *I put it off yesterday*, *I have put it off again*. Sauyi biyu kawai yake yi, *puts* ga *he* ko *she* ko *it* a halin yanzu, da *putting* mai *t* biyu. Wannan ya sa ƙaramin harafin *s* yake da aiki babba: *he puts it off* ɗabi'arsa ce, *he put it off* ya riga ya yi. *Putted* da za ka iya gani a shafin wasanni ta wani aikatau ce daban, *putt*, na wasan golf.

Wace kalma ke bin sa idan zan faɗi sabuwar rana?

Idan rana ce ko lokaci, *until* ko *till*: *put off until Monday*. Ana kuma jin *to*, musamman da kwanan wata. Idan tsawon jinkirin kake son faɗi, *for*: *put off for two weeks*. Idan ba a sa rana ba, *indefinitely*, abin da muke cewa sai abin da hali ya yi. Ƙidayar jama'ar Najeriya da aka shirya yi a watan Mayun 2023 irin wannan ɗagewar aka yi mata, ba tare da sanar da sabuwar rana ba a lokacin.

Mene ne kishiyarsa?

*Bring forward*, wato matso da rana kusa: *The exam has been brought forward to Tuesday.* A Indiya suna da kalmar *prepone*, amma ba ta yaɗu a sauran ƙasashe ba, don haka kada ka rubuta ta a jarrabawa. Kada kuma a ɗauka *put on* ne kishiyar, shi aikinsa daban.

Ku ƙara bayani a kan *put someone off*. Nan ne nake ruɗewa.

Da dalilinka, domin jimla guda tana iya ɗaukar ma'ana uku, sai mahallin magana ya raba gardama.

Ta farko ita ce kashe sha'awa. Abu ya faru, ko ka ga wani hali, sai abin da kake so ya fita daga ranka. *His arrogance put me off* na nufin girman kansa ya sa na ji ba na son hulɗa da shi. Ana iya ambaton abin da aka daina so kai tsaye bayan *off*, ba tare da *from* ba: *The accident put him off driving at night*, hatsarin ya sa ya tsani tuƙin dare. *The flies put me off my food*, ƙudajen sun sa abincin ya fita daga raina. Wannan ma'anar ta fi yawan zuwa da *by*: *Don't be put off by the long queue*, kada dogon layin ya karya maka gwiwa. Duk inda ka ga *put off by*, kusan tabbas wannan ma'anar ce, ba ɗagewa ba.

Ta biyu ita ce ɗauke hankali, kuma an fi jin ta a bakin mutanen Birtaniya. Ɗan wasa zai buga fenariti, 'yan kallo na ihu a bayan raga: *The crowd tried to put him off.* Ɗaliba na karatu, ƙaninta na buga ƙwallo a tsakar gida: *Stop it, you're putting me off.* A nan ba sha'awar abin ce ta tafi ba, natsuwa ce aka hana.

Ta uku ita ce wadda duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana gab da Sallah ya sani. Ka je wurin tela ya ce ka dawo da yamma, ka dawo ya ce wuta ce babu, gobe ya ce saura aljihu. *The tailor keeps putting me off.* Haka mai bashin da kullum yake da labari. Ma'anar ba ko yaushe take da muni ba: idan ka gayyaci baƙi sai rashin lafiya ta same ka, kana iya cewa *We had to put our guests off*, wato mun ba su haƙuri kada su zo yanzu.

Yadda za ka bambance: idan abin da ya yi aikin wari ne ko farashi ko mugun hali, ta farko ce. Idan ƙara ce ko motsi a lokacin da mutum ke tsakiyar aiki, ta biyu ce. Idan mutum ne da ake jiran wani abu daga hannunsa, musamman in ga *keep* ko *again* a jimlar, ta uku ce.

Na ga *off-putting* a wani rubutu. Daga nan take?

Daga nan take, daga ma'anar kashe sha'awa. Sifa ce ta abin da ke kore mutum: *an off-putting smell*, *his manner is off-putting*. Ba ta da alaƙa da ɗage taro, kuma ba a juya ta a ce *putting-off smell*.

Malam, *put off the light* kuskure ne? Haka aka koya mana tun firamare.

Kowa a Najeriya zai gane ka, kuma akwai mutanen Birtaniya da ke faɗin haka. Amma ba shi ne abin da aka fi sani a daidaitaccen Turanci ba, kuma mai duba takardar jarrabawa yana iya jan layi a ƙarƙashinsa. Ga fitilar lantarki da fanka da talabijin da janareto, ka ce *turn off* ko *switch off*. Ga abin da ke da harshen wuta, kamar kyandir ko taba ko gobara, ka ce *put out*: *The firemen put out the fire.* Mu da kalma ɗaya muke aiki, kashe, shi ya sa rarrabewar ke mana nauyi.

Dalilin da ya sa mutane ke cewa *put off the light* a fili yake. *Put on the light* daidai ne, *on* kuma kishiyar *off* ce, sai hankali ya kammala lissafin. Lissafin mai kyau ne, harshen ne bai bi shi ba. Shi ya sa ba na jin daɗin malamin da zai kunyata yaro a gaban aji a kan wannan. Yaron ya yi tunani, abin da ya rage a nuna masa inda harshen ya karkace. Haka *off the light* da *on the fan* da ake ji a ko'ina: magana ce ta gari da ta samu gindin zama, tana biyan buƙata a gida da kasuwa. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne ya san cewa a takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki *off* da *on* ba sa tsayawa su kaɗai a matsayin aikatau.

To *put off your shoes* fa?

A Turancin yau *take off* ake cewa: *Take off your shoes before you enter the mosque.* Saka tufafi *put on*, tuɓewa *take off*. A tsohon Turanci an yi amfani da *put off* ga tufafi da takalmi; fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611 da ake kira ta Sarki James ta yi amfani da shi a wurin da aka umarci Annabi Musa ya cire takalmansa. Wanda ya ci karo da shi a tsohon rubutu ya san abin da ake nufi, amma kada ya ɗauko shi zuwa maganar yau.

Wace kalma ce ta mutumin da kullum yake cewa sai gobe?

Aikin shi ne *procrastinate*, mai yin sa *procrastinator*. A cikin kalmar akwai *cras* ta Latin, wato gobe. Bambancinta da *put off* shi ne ba ta ɗaukar karɓau, wato ba a ambaton aikin da ake jinkirtawa kai tsaye a bayanta: ana cewa *stop procrastinating*, amma idan za ka ambaci aikin sai ka koma *stop putting off your assignment*. Turawa suna da karin magana a kai, *Never put off till tomorrow what you can do today*, kuma jimla ce mai kyau a riƙe, domin ta ƙunshi *put off* da *till* a mazauninsu.

Yaya ake furta shi daidai?

A nan masu Hausa muna da aiki na musamman, domin kalmomin biyu sun haɗa sautuka biyun da suka fi ba mu wahala. Hausa tana da *f* guda, wadda ake furtawa da leɓɓa biyu. A wasu yankuna tana kusa da *p*, a Sakkwato da sassan Nijar tana karkata zuwa *h*. Turanci kuwa ya raba *p* da *f* sarai. Idan ka furta *put* da *f*, abin da zai fito shi ne *foot*, wato ƙafa, domin wasalinsu ɗaya ne.

Ga *p*, ka rufe leɓɓanka biyu ruf, sannan ka sake su iska ta fashe. Ga *f*, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta riƙa zirarewa. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka: a *p* za ta yi tsalle sau ɗaya, a *f* za ta riƙa kaɗawa a hankali. *Put off* ya fara da na farko ya ƙare da na biyu, don haka shi kansa darasi ne.

Wasalin *put* irin na *book* ne, ba na *but* ba. Nauyin murya yana sauka a kan *off*. Masu harshen suna haɗe kalmomin biyu kamar guda, *t* ta manne da *off*. A bakin Amurkawa *t* ɗin tana laushi har ta yi kama da *r* ɗinmu mai sauƙi, shi ya sa a fim wani lokaci ba ka gane *put off* aka ce ba. A rubutu kuma a kula: *off* mai *f* biyu ce. *Of* kalma ce daban, kuma da sautin *v* take ƙarewa.

Ni a Nijar na yi karatu, da Faransanci. Akwai abin da zan kiyaye?

Akwai tarko guda babba. A Faransanci *reporter* na nufin ɗagewa, sai mai koyo ya ce *the match was reported* yana nufin an ɗage wasan. A Turanci wannan jimlar na nufin an ba da rahoton wasan. Abin da kake so shi ne *the match was put off* ko *postponed*. Ban da wannan, wanda ya taso da Faransanci yakan rungumi dogayen kalmomin da suka yi kama da nasa, ya guje wa irin su *put off* gaba ɗaya. Za a gane shi, amma hirarsa za ta riƙa fita kamar sanarwar ofis, kuma shi zai sha wuyar gane masu harshen, domin su da gajerun suke magana.

Yaya zan tunkari tambayar *put off* a jarrabawa?

Karanta jimlar har ƙarshe kafin ka kalli zaɓin, domin amsar tana ɓoye a 'yan ƙananan kalmomi. Ɗauki wannan: *The meeting has been ___ till next week*, da zaɓin *put out*, *put off*, *called off*, *put up*. Kalmar *till* ta riga ta gaya maka taron yana nan, don haka *called off* ya fita. Da jimlar ta ƙare da *because the chairman has resigned and the committee no longer exists*, da *called off* ne. A sashen neman kalma mafi kusa da ma'ana, duba ko abu aka yi wa ko mutum: idan abu ne nemi *postpone* ko *defer*, idan mutum ne nemi *discourage* ko *distract* ko *repel*. A sashen kishiya kuma, *bring forward* ga na farko, *attract* ko *encourage* ga na biyu.

Sauran 'yan gidan *put* da ake jerawa don a ruɗa ka su ne *put out* na kashe wuta, *put up with* na haƙuri da abu, *put away* na adanawa, *put up* na saukar da baƙo ko kafa abu, da *put down* na ajiyewa ko murƙushe tawaye. Ban ga amfanin haddace su a jere kamar jadawalin lissafi ba. Ɗalibin da ya haddace hamsin a dare guda, ranar jarrabawa sai su cakuɗe masa. Gara ka ɗauki ɗaya, ka rubuta jimla uku a kan rayuwarka da shi, ka neme shi a jarida cikin makon, sannan ka wuce na gaba.

Zan iya amfani da shi a saƙon da zan tura wa shugabana a wurin aiki?

Ya danganta da irin saƙon. A WhatsApp ko a baki, *Sir, can we put off the meeting till Thursday?* ba shi da aibi ko kaɗan. A takardar da za ta shiga fayil, *postpone* ko *reschedule* sun fi dacewa: *I write to request that the meeting be postponed to Thursday.* *Reschedule* tana da ƙarin fa'ida, domin tana nuna za a sa sabuwar rana, ba a bar abin a rataye ba.

Abu ɗaya za ka kiyaye: kada ka saka shugaban naka a tsakiyar *put* da *off*. *I am sorry to put you off, Sir* yana iya fita da ma'anar kana sallamar sa da uzuri, ko ma kana sa shi ƙyamar wani abu. Taron za ka ɗage, don haka taron za ka ambata: *I am sorry we have to put the meeting off.* Idan kuma nufinka ka ba shi haƙurin wahalar da ka jawo masa, wannan *put out* ne: *I am sorry to put you out, Sir.*